Dan Allah a taimaka: RemoveAt ya ƙi aiki a ListBox, da ya yi kuma sai ya goge wanda ban zaɓa ba

Nasiru:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu C# ku duba min wannan, tun jiya da yamma nake kansa har kaina ya fara ciwo. Ina da fom a WinForms, wato abin gina manhajar Windows a .NET, akwai ListBox, akwatin nuna jeri, da na ɗaura masa jerin ɗalibai ta DataSource, jerin List<Dalibi> ne, na sa DisplayMember ya zama Suna, komai yana fitowa lafiya lau. Sai na sa botin na gogewa, a cikinsa na rubuta

listBox1.Items.RemoveAt(listBox1.SelectedIndex);

ina dannawa firogiram ɗin ya tsaya cak ya jefo min ArgumentException wai "Items collection cannot be modified when the DataSource property is set." Ni abinda ya ɗaure min kai, kafin in sa DataSource ɗin wannan layin yana aiki ba wata matsala, to me ya canza?

Sani:
Ai ya faɗa maka da bakinsa 😂 tunda ka sa DataSource, Items ta fita daga hannunka. Ka cire daga jerinka na asali kawai

dalibai.RemoveAt(listBox1.SelectedIndex);

Nasiru:
Na gwada yanzu oga Sani, eror ya tafi amma sunan yana nan zaune a skirin ko motsi bai yi ba. Na danna har sau uku ba abinda ya faru

Zainab:
Abu ya faru, kai ne dai ba ka gani ba. Sa birki, wato breakpoint, a layin don firogiram ɗin ya tsaya a nan, ka duba dalibai.Count ka faɗa mana nawa ne

Nasiru:
Innalillahi. Goma na zuba, yanzu bakwai ne. Amma skirin yana nuna goma

Zainab:
To ka gani. Dannawar farko ta cire wanda ka zaɓa, ta biyu ta cire wanda ya matso ya maye gurbinsa, ta uku ma haka. Mutum biyu sun tafi ba su ci ba ba su sha ba. Ka gode Allah bayanan gwaji ne

Sani:
Abu mai sauƙi, bayan ka cire sai ka ƙara layi biyu

listBox1.DataSource = null;
listBox1.DataSource = dalibai;

shikenan zai sabunta, ni haka nake yi shekara da shekaru

Nasiru:
Ya sabunta kam, amma yanzu sunayen sun ɓace, kowane layi Makaranta.Dalibi yake nunawa, Makaranta.Dalibi har ƙasa 😭

Sani:
Au na manta, ka sake sa DisplayMember bayan nan. Layi uku kenan

Malam Habu:
Wa'alaikumus salam. Nasiru tsaya tukuna kafin layi uku su zama biyar, bari in maka bayanin abinda ke faruwa a ƙasa, in ka gane shi ba za ka sake tambayar irin wannan ba.

ListBox yana aiki ne ta ɗayan hanya biyu. Ko dai kai kake zuba masa kaya da hannunka ta Items.Add, a nan shi ne mai kayan, ka ce ya cire ya cire. Ko kuma ka ba shi DataSource, a nan ya zama ɗan kallo, kayan na wani ne shi nunawa kawai yake yi. Shi ya sa ya ƙi maka, don da ya yarda da sai skirin ya nuna tara alhali jerin yana da goma, ba wanda ya san wanne ne gaskiya.

Matsala ta biyu ita ce List<T> bebe ne. Za ka iya cire masa abu, ka ƙara masa, ba zai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa ba. ListBox ya karanta shi sau ɗaya lokacin da ka ɗaura, daga nan bai sake jin ɗuriyarsa ba. Abinda ListBox ke saurare shi ne sanarwar ListChanged, wadda ke zuwa daga jerin da ke da IBindingList, shi kuwa List<T> ba shi da ita. Wanda ke da ita shi ne BindingList<T>, yana cikin System.ComponentModel. Canjin bai taka kara ya karya ba:

var jeri = new BindingList<Dalibi>(dalibai);
listBox1.DisplayMember = "Suna";
listBox1.DataSource = jeri;

a botin kuma

int i = listBox1.SelectedIndex;
if (i < 0) return;
jeri.RemoveAt(i);

Ka lura jeri ɗin ka bayyana shi a saman kilas ɗin fom, ba cikin Load ba, don botin ya gan shi. Sannan wannan BindingList ɗin ba kwafi ya yi ba, lulluɓe dalibai ya yi, in ka cire ta jeri to a dalibai ma ya fita. Amma akasin haka ba ya aiki, in ka zagaya ta baya ka cire daga dalibai kai tsaye to ka koma gidan jiya, ba sanarwar da za ta fita.

Dalilin Makaranta.Dalibi kuwa, duk lokacin da ka mayar da DataSource null, shi da kansa yake share DisplayMember, sai ya koma kiran ToString na kowane abu, wanda in ba ka canza shi ba sunan kilas yake bayarwa.

Nasiru:
Allah ya saka da alheri Malam, wlh ya yi. Ina dannawa yana ɓacewa nan take. Amma wancan layin na i < 0 meye amfaninsa?

Malam Habu:
Goge su duka har jerin ya zama fanko sai ka sake dannawa ba tare da layin ba, za ka ga amfaninsa. In ba abinda aka zaɓa SelectedIndex yana zama -1, RemoveAt kuwa ba ya wasa da -1, ArgumentOutOfRangeException zai ba ka.

Sani:
Malam da girman kujerarka amma ni fa ban ga laifin null ɗin ba. Yana aiki ko ba ya aiki? Yana aiki. Wani lokacin mutum yana da List da ya riga ya bazu ko'ina a cikin kod, wurare ashirin suna amfani da shi, ace sai na bi na canza komai saboda botin ɗaya? Layi uku ne fa, kuma mai amfani da manhajar bai san me ka rubuta a ciki ba, shi dai ya ga suna ya ɓace

Malam Habu:
Ban ce ba ya aiki ba Sani, ni ma na yi shi. Kafin .NET 2.0 ta fito a 2005 babu BindingList<T> babu BindingSource, in ka ɗaura ArrayList sai dai ka yi wannan null ɗin ko ka nemo CurrencyManager ta BindingContext ka kira masa Refresh. Da hujja a lokacin. Yanzu kuwa abin yana nan a kyauta.

Ga inda null ke cizo. Layi ukun nan sai ka tuna da su a duk inda ka taɓa jerin, wurin gogewa, wurin ƙarawa, wurin gyara, ranar da ka manta wuri ɗaya sai abinda ya sami Nasiru ɗazu ya same ka, skirin na nuna wani abu jerin na riƙe da wani, kuma ba eror ɗin da zai faɗakar da kai. Sannan lokacin da ka sa null zaɓin yana warwarewa, SelectedIndexChanged zai tashi alhali SelectedItem babu komai, in kana da kod a wurin da ke karanta sunan wanda aka zaɓa ya cika wasu akwatuna sai NullReferenceException. In kuma akwai wani abu da ke kallon jerin nan, a ce ComboBox a wani fom, shi ba wanda ya gaya masa.

Batun wurare ashirin ɗin kuma ai shi ya sa na ce BindingList lulluɓewa yake. Ko ka sa BindingSource a tsakani, a ce sunansa bs, ka ba shi List ɗinka yadda yake, ka ɗaura ListBox a kansa, in za ka cire ka ce bs.RemoveAt ko bs.RemoveCurrent, shi zai cire kuma shi zai yi shelar. In wani wuri ya taɓa List ɗin ta baya sai ka kira bs.ResetBindings(false), layi ɗaya, DisplayMember bai taɓu ba.

Sani:
ResetBindings ɗin ai null ne da ya sa babbar riga 😂

Zainab:
Ko ba komai babbar rigar ba ta yaga maka DisplayMember

Sani:
Na ji na karɓa, amma a ƙaramin abu na gwaji ba zan fasa ba gaskiya

Kabiru:
Ku ƙyale rigimar null ɗin nan, ni wanda ya taɓa ƙona ni ya fi wannan muni, don shi ba ya kawo eror ko ɗaya kuma skirin yana sabuntawa tsaf. Bari in ba ku labari ko wani zai tsira.

Na taɓa yi wa wasu manhajar rajista, bayanan suna zuwa daga databes cikin DataTable mai suna dt, na ɗaura shi a ListBox. DataTable ba shi da matsalar bebantaka, in ka ɗaura shi a zahiri DefaultView ɗinsa ake ɗaurawa, shi kuma DataView yana sanarwa. To sai suka ce suna son sunaye su jeru daga A zuwa Z, na sa dt.DefaultView.Sort = "Suna", ya yi kyau. Botin gogewa na kuwa tun farko haka yake

dt.Rows[listBox1.SelectedIndex].Delete();

ban taɓa shi ba don ban ga dalili ba. Ku duba yadda abin yake. A cikin teburin, yadda aka shigar da su: 0 Yusuf, 1 Aisha, 2 Musa, 3 Bilkisu. A skirin bayan jerawa: 0 Aisha, 1 Bilkisu, 2 Musa, 3 Yusuf. In ka zaɓi Aisha SelectedIndex sifili ne, Rows na sifili kuwa Yusuf ne. Yusuf ya tafi Aisha na nan.

Abin haushin, na gwada kafin in miƙa musu, kuma wlh Musa na zaɓa, wanda a duka biyun yana lamba 2. Ya goge daidai na ce alhamdulillah na rufe kwamfuta. Sai da aka yi kwanaki ana aiki da shi sannan aka kira ni wai in aka goge mutum ba ya gogewa sai an yi ta dannawa, wasu kuma sun ɓace ba wanda ya taɓa su. A jeri mai tsawo ba ka ganin wanda ya ɓace don yana can ƙasa inda ba ka kallo. Kwana biyu na yi ina dawo da mutane daga bakof, ranar na san kunya

Nasiru:
Subhanallah. To ya ka gyara yaya Kabiru?

Kabiru:
Na daina tambayar lamba, na koma tambayar abin kansa

var layi = listBox1.SelectedItem as DataRowView;
if (layi != null) layi.Row.Delete();

SelectedItem a nan DataRowView ne, yana riƙe da ainihin layin ko ya aka jera ko aka tace. In kuma lallai lambar kake so to ka kai ta inda ta fito, dt.DefaultView.Delete(i), don lambar ta DataView ce ba ta Rows ba

Malam Habu:
Kabiru ya taɓo wuri mai muhimmanci, bari in ƙara masa, don ko ba ka jera ba wannan layin na Rows da SelectedIndex zai iya cin amanarka. Delete ba ya fitar da layi daga Rows, alama kawai yake sa masa cewa an goge, RowState ya koma Deleted, yana nan a gurbinsa har sai an kira AcceptChanges ko Update ya kammala. DataView kuwa ɓoye shi yake yi nan take. Ɗauki teburin Kabiru ba tare da jerawa ba, ka goge Yusuf, daidai. Yanzu skirin na nuna 0 Aisha, 1 Musa, 2 Bilkisu, amma a Rows Yusuf na kwance a sifili har yanzu. Ka zaɓi Musa, lamba 1, Rows na 1 kuwa Aisha ce. Gogewar farko daidai, ta biyu ta kauce. Sai dai layin da aka ƙara yanzu ba a kai shi databes ba tukuna, shi in ka kira masa Delete fita yake gaba ɗaya.

Sani:
To ai sai a yi dt.Rows.RemoveAt kawai tunda shi fitarwa yake gaba ɗaya, lambobi su daidaita

Malam Habu:
Lambobi za su daidaita in ba jerawa ba tacewa, amma ka sayi wata matsalar. RemoveAt da Remove na Rows suna fitar da layin ne ba su bar wata alama ba, in ka zo ka kira adapter.Update ba zai ga wani layi mai Deleted ba, don haka ba zai aika umarnin DELETE ba. A skirin mutum ya tafi, ka rufe manhaja ka buɗe ga shi ya dawo. Haka ma in ka yi Delete sai ka kira AcceptChanges kafin Update, ka share shaidar da hannunka. Wannan na ga ya ci mutane da yawa, suna ganin AcceptChanges kamar shi ne ajiyewa, alhali cewa yake a manta da tarihin canje-canjen.

Kabiru:
Wannan ma ya taɓa cina 🙈 ban dai faɗa ba ne kar labarin ya yi yawa

Zainab:
Ni shi ya sa ra'ayina a kan wannan ba sassauci: kada ka goge da lamba, faƙat. Lambar gurbi ba suna ba ce, yanzu kana na uku anjima kana na biyu. A WPF ma, wata hanyar gina manhajar Windows a .NET, labarin ɗaya ne, in ka sa ItemsSource ka taɓa Items zai jefo maka InvalidOperationException ya ce ka je ka gyara ta ItemsSource, sai ka yi amfani da ObservableCollection<T> wanda shi ne mai baki a can, yana sanarwa ta CollectionChanged. Amma da zarar ka sa SortDescriptions ko Filter a kan CollectionView to SelectedIndex ya zama na abinda ido ke gani, ka kai shi RemoveAt na ObservableCollection ka yi irin ta Kabiru. Ni dai kullum SelectedItem nake ɗaurawa a ViewModel in ce jeri.Remove(wandaAkaZaba), ban ma san lambarsa ba kuma ba na son sani

Ummi:
Anti Zainab na yarda da ke kashi tara cikin goma amma faƙat ɗin nan ya yi ƙarfi. Remove yana nemo abu ne da Equals kuma na farkon da ya samu shi yake cirewa. In jerin na string ne, a ce Musa, Aisha, Musa, mutum ya zaɓi Musa na ƙasa, kika ce Remove, na sama ne zai tafi, jerin ya koma Aisha, Musa maimakon Musa, Aisha. In tsarin jeruwar yana da ma'ana, kamar jerin matakai ko layin jira, kin ɓata shi. A nan RemoveAt ne daidai. Haka in kin yi amfani da record da ya zo a C# 9, shi ma da ƙima yake kwatantawa, biyu masu bayanai iri ɗaya a wurinsa abu ɗaya ne

Zainab:
In abubuwanki biyu ba a iya bambanta su to matsalar tana wurin tsarin bayanan, ki ba kowa Id

Ummi:
A databes eh. Amma jerin kalmomi biyar da mutum ya rubuta a akwati sai na ƙirƙira masa kilas da Id? Wani abin ai gurbinsa shi ne shaidarsa

Zainab:
Toh na sassauta, kashi tara da rabi 😄 amma sharaɗin shi ne ba jerawa ba tacewa a tsakani

Ummi:
Ko kuma a fassara lambar kafin a yi amfani da ita, wasu wuraren ma sun tanadi abin fassarar. Ni da Java na fara, a Swing in kika sa wa JTable mai jerawa, getSelectedRow lambar skirin yake ba ki, dole ki wuce da ita ta convertRowIndexToModel kafin ki ce removeRow a model. A Qt kuma in akwai QSortFilterProxyModel a tsakani sai kin yi mapToSource. Kuma can ma akwai irin bebantakar da Malam ya faɗa, in kika rubuta model naki kika cire abu ba ki kira beginRemoveRows da endRemoveRows ba, view ɗin bai san an yi ba, a C++ kuwa ba lallai ya tsaya a nuna tsohon suna ba, yana iya kifar da manhajar gaba ɗaya

Malam Habu:
A WinForms mai wannan aikin shi ne BindingSource. In ka ɗaura shi a kan DataTable ka jera ko ka tace ta bs.Sort da bs.Filter, lambobinsa su ne na skirin, bs.RemoveAt ko bs.RemoveCurrent zai sauka kan layin da ya dace, kuma Delete yake yi a ƙasa ba fitarwa ba, don haka Update zai gani. Amma kada wani ya ɗauka Sort da Filter ɗin za su yi aiki a kan BindingList<T> haka kawai, shi bai zo da jerawa ba sai ka gaje shi ka rubuta da kanka, tacewa kuma tana buƙatar IBindingListView wanda ba shi da ita.

Nasiru:
Ina ta karantawa ina koyo wlh. Wata tambaya, na mayar da SelectionMode ya zama MultiExtended don a iya zaɓar da yawa a goge lokaci ɗaya, na yi foreach a kan SelectedIndices ina RemoveAt, sai na zaɓi biyu ya goge ɗaya daidai ɗayan kuma ba shi ba, wani lokacin ma ɗaya kawai yake gogewa

Kabiru:
Ƙanina kai ma sai ka taka duk ƙayar da muka taka 😂

Ummi:
Abu biyu ne suka haɗu. Ɗauki A B C D E, ka zaɓi B da D, lamba 1 da 3. Ka cire 1, saura A C D E, kowa ya matso, yanzu lamba 3 E ce, D ta koma 2. Sai ka cire E, D ta tsira. Maganinsa ka fara daga ƙasa, ka cire 3 tukuna, na samanta ba sa motsi, sannan 1. Na biyu kuma SelectedIndices ba hoto ba ne da aka ɗauka aka ajiye, yana canzawa da zarar jerin ya canza, kana tafiya a kansa ana janye maka tabarma. Ka kwafe shi gefe kafin ka fara

var lambobi = listBox1.SelectedIndices.Cast<int>().OrderByDescending(x => x).ToList();
foreach (int n in lambobi) jeri.RemoveAt(n);

ToList ɗin nan na ƙarshe kada ka cire shi, shi ne kwafin

Malam Habu:
In abubuwan da za a cire suna da yawa, ɗaruruwa, ka sa jeri.RaiseListChangedEvents = false kafin ka fara, ka gama ka mayar true ka kira jeri.ResetBindings(), sanarwa ɗaya maimakon ɗari, skirin ba zai yi ta ƙyafta ido ba. Ka sa mayarwar a finally, don in wani abu ya fashe a tsakiya jerinka zai zauna bebe har a rufe fom.

Sani:
Wani abu da ya taɓa ba ni mamaki, na so in rubuta log na wanda aka goge, na saurari ListChanged, ya zo da ItemDeleted da lamba, na je in ɗauko abin da lambar sai na ga wani ne daban

Malam Habu:
Sanarwar bayan an cire take zuwa, lambar gurbin da ya bari ce, wani ya riga ya zauna a wurin ko ma babu gurbin in na ƙarshe ne. Ko ka ɗauko abin kafin ka cire, ko ka gaji BindingList ka sake rubuta RemoveItem, a nan abin na hannunka tukuna. Kuma tunda an zo nan, Nasiru in ka haɗa da databes ka fara gogewa a can, in ya yi nasara sannan ka cire daga jeri, kuma a can da Id za ka goge, lambar ListBox ba ta da wata alaƙa da databes.

Nasiru:
Jama'a ku tsaya. Labarin yaya Kabiru ya sa na koma na duba akwatin bincike da na sa a saman fom ɗin, a TextChanged haka na rubuta

listBox1.DataSource = jeri.Where(d => d.Suna.Contains(txtNema.Text)).ToList();

kenan in mutum ya rubuta wani abu a akwatin, abinda ke skirin wani sabon List ne daban ba jeri ba, botin kuma yana nan yana jeri.RemoveAt da SelectedIndex. Na gwada yanzu, na rubuta Bil, Bilkisu ta fito ita kaɗai a lamba sifili, na danna gogewa, tana nan, na share akwatin sai na ga na farkon jerin ne ya tafi. Kuma ko na share akwatin ma ToList ɗin ne a ɗaure, ba BindingList ɗin Malam ba

Kabiru:
Ka ga irinta ko. Kai ka kama shi a ɗakinka, ni a waya aka gaya min

Zainab:
Nan kam ba gardama, SelectedItem

var d = listBox1.SelectedItem as Dalibi;
if (d == null) return;
jeri.Remove(d);
Tace();

ka fitar da layin Where ɗin zuwa wani method mai suna Tace, TextChanged ya kira shi, botin ma ya kira shi bayan ya cire. ToList sabon jeri yake yi amma ɗaliban ciki su ne dai na asali ba kwafinsu ba, don haka Remove zai gane shi

Nasiru:
To in akwai Musa biyu fa, maganar da anti Ummi ta yi?

Ummi:
Dalibi kilas ne ko record? In kilas ne kuma ba ka taɓa Equals ba to ba ruwansa da suna, ainihin abin yake dubawa, Musa biyu mutum biyu ne a wurinsa

Nasiru:
Kilas ne. Na zuba Musa biyu da Id daban, na tace, na zaɓi na ƙasa na goge, na duba a dibog Id ɗin da ya rage na saman ne. Ya yi. Na kuma gwada da jerin da na hargitsa da gangan kar in faɗa kan wanda lambarsa ta zo ɗaya a duka biyun

Sani:
Ni dai ina so a rubuta a ajiye cewa Tace ɗin nan sake ɗaura DataSource yake yi duk bayan gogewa, wato dabarata ce aka dawo gare ta ta bayan gida

Zainab:
Babu null a ciki Sani

Sani:
Saura ƙiris ne

Nasiru:
😂 Malam Habu wata ƙarama kuma, in na goge na ƙarshe a jerin da aka tace, akwatunan gefe da ke nuna aji da lambar ɗalibi suna nan da bayanan wanda ya tafi, a ina ya kamata in share su, cikin botin ko cikin SelectedIndexChanged?

Malam Habu:
Ka yi method ɗaya da ke duba SelectedItem, in akwai ya cika akwatunan in babu ya share su, ka kira shi daga SelectedIndexChanged ka kuma kira shi a ƙarshen Tace. Turo kod ɗin fom ɗin duka in ka gama in duba, ina zargin akwai wani wurin da har yanzu kake taɓa dalibai kai tsaye.